Katako da Jaki: Yadda Suke Taɓa Amon Jitar Lantarki

Fikof ba ya jin katako. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririn zaren jan ƙarfe, wajen zagaye 8,000 a fikof ɗin jitar Stratocaster ta kamfanin Fender na gargajiya, kuma abin da yake ganewa kawai shi ne kaɗawar tsirkiyar ƙarfe da ke bisa kansa. To ta ina katako ke shigowa? Ta bakin tsirkiyar guda biyu. Ɗaya yana kan sirdin jaki, wato ɗan ƙarfen da tsirkiya ke hawa a kan gangar jiki, ɗayan yana kan firet, wato ƙarafan da aka jera a gicciye a kan wuya, ko matashin da ke ƙarshen wuya. Duk inda ɗayan waɗannan wuraren ya motsa, ko da motsin da ido ba ya gani ne, tsirkiya ta yi asarar wani ƙarfi, kuma ba kowane amo take asara daidai ba. Wani ya mutu da wuri, wani ya daɗe. Katako da jaki ba sa ƙara wa tsirkiya komai, ragewa kawai suke yi, abin da ya saura shi fikof ke aikawa amfilifaya.

Wannan ya sa jitar da ke da ƙara sosai ba tare da an jona ta ba, ba lallai ta fi jan sauti ba, wato daɗewar sauti kafin ya mutu. Ƙarar da kake ji a ɗaki ƙarfi ne da ya riga ya bar tsirkiya. Masu sayarwa suna son nuna wannan ƙarar, amma ba ita ce shaida ba.

Idan za a jera abubuwan da ke canza amo daga babba zuwa ƙarami, lasifika da amfilifaya ne a gaba, sai fikof da inda aka dasa shi, sai tsirkiya da hannun mai kaɗawa, sai maɓallan sauti da igiyar jonawa. Bayan su ne jaki, sannan wuya, gangar jiki kuwa tana can baya. Hakan bai mayar da ita banza ba, amma kada a fara kashe kuɗi daga can.

Fara da saiti, kafin ka zargi katako

Rabin ƙorafin da ake ɗora wa katako na saiti ne. Saka sabbin tsirkiyoyi, ka miƙar da su, ka bar su kwana guda. Ɗaura kafo, wato matsen da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na farko, danne tsirkiya mai kauri a firet na ƙarshe, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Ana so ta kai kamar milimita 0.25. In babu rata ko kaɗan, sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuya da rubu'in juyi, ka jira, ka sake aunawa. Daga nan cire kafo ka auna tsayin tsirkiya a firet na 12: wajen milimita 1.6 a siririya, milimita 2 a mai kauri. Ƙasa da haka tsirkiya na iya shafar firet a ɓoye, ba ka jin zizar sosai amma tana cinye jan sauti.

Sai tsayin fikof, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi. Danne firet na ƙarshe, ka auna daga kan maganaɗisu zuwa ƙarƙashin tsirkiya. A fikof mai naɗi ɗaya, fara da milimita 2.4 a ɓangaren kauri da milimita 2 a ɓangaren siriri. Idan ya matso fiye da kima, musamman na kusa da wuya, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya, sauti ya riƙa rawa kamar biyu ne suke faɗa da juna, ya kuma mutu da wuri. Juyi ɗaya na sukurun fikof ya kan canza amo fiye da sauya gangar jiki gaba ɗaya.

In wuyan na sukuru ne, ga wata dabara: tsirkiyoyi na ɗaure a saitinsu, sassauta sukurorin nan huɗu da rubu'in juyi kowanne. Sau da yawa za ka ji ɗan ƙas, wato jan tsirkiya ya zaunar da wuya a ƙarshen gurbinsa. Duba cewa tsirkiyoyin gefe biyu suna nesa ɗaya da bakin wuya, sannan ka ɗaure.

Yadda ake gwaji na gaskiya

Kunne ba ya riƙe amo fiye da 'yan daƙiƙoƙi, kuma duk abin da ya fi ƙara kaɗan sai ya ce shi ya fi daɗi. Saboda haka a naɗa. Jona jita kai tsaye cikin na'urar shigar da sauti ta kwamfuta, ta ƙofar da aka tanada wa jita, ba ta amfilifaya ba. Buɗe maɓallan jita har ƙarshe, igiya ɗaya, fikof ɗaya. Manhajar Audacity ta isa.

Matsalar ita ce hannu ba ya kaɗa tsirkiya iri ɗaya sau biyu. Maganinta: yanko siririn zaren jan ƙarfe irin na naɗin fikof ko na cikin tsohuwar waya mai gashi, ka zagaya shi ƙarƙashin tsirkiya a wuri ɗaya da ka yi wa alama, ka ja a hankali har ya tsinke. Zare iri ɗaya yana tsinkewa a ƙarfi kusan ɗaya, don haka bugun ya daidaita. Yi sau biyar a kowace tsirkiya, ba a danne ta ba da kuma a firet na 12, ka bar sautin ya mutu da kansa. Auna daƙiƙa nawa yake ɗauka ya sauka da desibel 30. Bayan ka canza abin da za ka canza, maimaita komai, ka daidaita ƙarar fayilolin, ka ba wani ya sake musu suna don kada ka san wanne ne wanne.

Tarkon da ya fi kama mutane: duk mai canza jaki yakan saka sabbin tsirkiyoyi a lokaci guda. Sai ya ji amo ya yi kaifi ya ce sabon jakin ne, alhali tsirkiya ce. Dole naɗin farko da na biyu su kasance da tsirkiya iri ɗaya, mai kwanaki ɗaya.

Wuya da mataccen gurbi

Wuya dogo ne siriri, ya fi gangar jiki saurin lanƙwasa, shi ya sa mafi yawan ƙarfin da tsirkiya ke asara ta nan yake bi. Bi firet ɗaya bayan ɗaya a tsirkiya ta uku da ta huɗu, kana barin kowane sauti ya ja. In ka tarar da wanda ke mutuwa da sauri fiye da maƙwabtansa, jingina kan jitar da bango ko gefen tebur ka sake kaɗawa. Idan ya farfaɗo, wuya ne ke kaɗawa daidai da wannan sautin yana shanye shi. Idan bai canza ba, duba firet ɗin, wataƙila ya ɗaga ko bai zauna ba. Canza nauyin kai, misali da kunnuwan ɗaure tsirkiya masu nauyi ko masu sauƙi, yana matsar da mataccen gurbin zuwa wani firet, ba ya kawar da shi. Sabuwar gangar jiki da wuya ta warkar da wannan.

Katakon gangar jiki

Sunan itace ba ya faɗa maka komai sai matsakaicin hali. Allo biyu daga bishiya ɗaya na iya bambanta a nauyi fiye da yadda alda ta bambanta da mahogani. Abin dubawa shi ne nauyi, tauri da bushewar allon da ke hannunka.

Ash shi Fender ta yi amfani da shi a farkon shekarun 1950, kafin ta koma alda a 1956 ga yawancin jitocinta. Dalilin na masana'anta ne: alda tana da sauƙin samu, ramukan fatarta ƙanana ne, fenti na kwanciya a kanta ba sai an cike ba. Nauyinta wajen kilo 450 ne a kowace kubik mita, jitar da aka gama takan kai kilo 3.3 zuwa 3.6. Ash kuwa kala biyu ne. Na fadama marar nauyi ne, na tudu na iya haura kilo 650, shi ya sa wasu jitocin Fender na ƙarshen shekarun 1970 ke karya kafaɗa. Makaɗa sukan ce ash na da kaifi da bugu mai tsalle, alda kuma tsaka-tsaki. A naɗin kai tsaye bambancin ƙarami ne, galibi a farkon bugu da yadda sauti ke dusashewa ake ɗan jin sa, kuma da zarar an ƙara murɗa amfilifaya ya fara gurnani sai ya ɓace.

Mahogani, har da danginsa na Afirka irin su maɗaci, ya fi alda nauyi, yana da sauƙin sassaƙa, ba ya yawan murɗewa. Jitar Les Paul ta kamfanin Gibson, wadda ta fito a 1952, mahogani ce mai kauri da aka ɗora wa fuskar mefil. Ana cewa mahogani ne ya ba ta kaurin murya. Amma a lura da sauran abubuwan da suka raba ta da Stratocaster: tsawon tsirkiyarta milimita 628 ne, na Fender 648, fikof ɗinta tun 1957 mai naɗi biyu ne, maɓallan sautinta masu lamba 500k ne maimakon 250k, wuyanta na gam ne, jakinta daban. A cikin wannan taron, rabon katako shi ne mafi wuyar warewa. Gibson SG ta 1961 ita ma mahogani ce da fikof iri ɗaya, sai dai siririya ce kuma wuyanta ya fito waje sosai, shi ya sa take da saurin matattun gurabe, kanta kuma yana rinjaya ƙasa idan ka sake ta a madauri.

Baswud shi ne a jitocin Ibanez RG da yawa. Marar nauyi ne, wajen kilo 415, amonsa ba laifi, amma laushi gare shi. Farce na iya yi masa tabo, sukuru na saurin cin raminsa. Wannan ya fi komai muhimmanci idan za a dasa masa jaki mai tsayuwa kan ginshiƙai biyu, za mu dawo kansa. Mefil tsantsa kuwa ya haura kilo 700, shi ya sa ake yin wuya da fuska da shi, ba kasafai ake yin gangar jiki duka ba.

Inda gangar jiki ke magana da babbar murya shi ne idan an rarake ta. Gibson ES-335 ta 1958 tana da gungumen mefil a tsakiya da kogo a gefe biyu. Iskar cikin kogon da siraran allunan suna amsa sautin lasifika su mayar wa tsirkiya, don haka a dandamali mai ƙara tana saurin kuka, a ƙara matsakaiciya kuma sauti na kumbura yadda ta katako tsantsa ba ta yi. Haka nan fikof da ba a jiƙa shi da kakin zuma ba yana aiki kamar makirufo. Kunna amfilifaya, danne tsirkiyoyi da tafin hannu, ƙwanƙwasa jikin jitar da ɗan yatsa. In ƙwanƙwasar ta fito sosai a lasifika, to a wannan jitar katako na shiga amo fiye da yadda aka saba.

Idan kana zaɓen allo don sassaƙa, nemi wanda danshinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Ɗanyen katako zai tsuke, gurbin wuya ya saki, fenti ya tsage. Gangar jiki irin ta Stratocaster da ba a ɗora mata komai ba, kilo 1.7 zuwa 2 ya yi daidai. Kada haɗin allo biyu ko uku ya dame ka, Fender ta daɗe tana yin haka, kuma haɗi mai kyau ya fi itacen da ke gefensa ƙarfi.

Jaki

A nan ne tsirkiya ke taɓa ƙarfe kai tsaye, kuma a nan canji ke da araha. Abu uku ke aiki: nauyin jakin da irin ƙarfensa, yawan gaɓoɓin da ke iya motsi a cikinsa, da kusurwar da tsirkiya ke karyewa a bayan sirdi. Kusurwa mai tsanani tana danne sirdi ya zauna daram. Mai kwance tana barin sa ya yi rawa.

Jakin Fender Telecaster faranti ne na sitil wanda fikof ke zaune a cikinsa. Da yake maganaɗisu na kama sitil, farantin yana canza yanayin filin maganaɗisun, kuma wannan na daga cikin sirrin cizon da aka san Telecaster da shi. Musanya shi da kakkauran farantin tagulla, za ka ji amo ya yi santsi, cizon ya ragu. Na gargajiya sirdi uku gare shi, tsirkiya biyu a kan kowanne, nauyin biyu na danne shi sosai. Illarsa ba ka iya daidaita kowace tsirkiya ita kaɗai. Maganin shi ne sirdi uku da aka gurza bakinsu a karkace. Tagulla ta fi sitil taushin kaifi, kaɗan.

Tiremolon Stratocaster na 1954, wato jakinta mai motsi, faranti ne a kan sukuru shida, da dunƙulen ƙarfe a ƙasa da sifirin ke riƙe da shi ta baya. Jan tsirkiyoyi masu kauri lamba 10 zuwa 46 ya kai kusan kilo 45, sifirin uku ne suka saba tare shi. Idan jakin na shawagi, da ratar kamar milimita 3 a bayan faranti, bugun farko yana ɗan laushi saboda jakin na ba da kai, kuma in ka tura tsirkiya ɗaya sama sauran sai su faɗi. Mai son bugu mai tauri sai ya ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da maratayar sifirin har faranti ya kwanta, ko ya cusa guntun katako tsakanin dunƙulen da bangon ramin, kamar yadda makaɗi Eric Clapton ya saba yi. Gwada wannan kafin ka sayi komai, domin shi ne gwajin da ke nuna maka bambancin jaki mai motsi da kafaffe a jita ɗaya, katako ɗaya. A jitoci masu araha dunƙulen siriri ne na zink. Sa masa maganaɗisu: in bai kama ba, ba sitil ba ne. Sauya shi da cikakken na sitil na daga cikin canje-canjen da ake iya ji. Sukurori shida na gaba kuma ba a ɗaure su tamau. Na gefe biyu su taɓa faranti kawai, huɗun tsakiya a ɗaga su rabin juyi, in ba haka ba faranti zai ciza ya ƙi komawa saiti. In sifirin na amsa kuwwa bayan ka tsayar da sauti, zura musu guntun soso a ciki.

Jakin Tune-o-matic, wanda Gibson ta fito da shi a shekarun 1950, yana tsaye kan ginshiƙai biyu, tsirkiya ta wuce ta ɗauru a sandar da ke bayansa. Sandar alminiyam ba ta kai rabin nauyin ta zink ba, kuma da yawa suna jin ta fi buɗe amo. Kuskuren da ya yi yawa shi ne ɗaure sandar har ƙasa da sunan ƙarin jan sauti. Sai tsirkiya ta kwanta a kan bakin jakin na baya, nauyin kuma a hankali ya lotsa tsakiyarsa, tsirkiya ta uku da ta huɗu su fara ziza alhali na gefe lafiya lau. Zura 'yar takarda tsakanin tsirkiya da bakin jakin. In ba ta wuce ba, ɗaga sandar, ko ka zura tsirkiyoyin ta gaba ka naɗo su ta saman sandar. Ɗora rula a ƙarƙashin jakin da ka cire, in ka ga haske a gefe ko tsakiya ya lotsa, sai sabo. A samfurin ABR-1, siririyar wayar da ke riƙe da sukurorin sirdi takan yi ƙara, ɗigon fentin farce marar launi ya isa ya rufe mata baki.

Jakin Floyd Rose, na ƙarshen shekarun 1970, yana kulle tsirkiya a jaki da kuma a matashi, dukkansa na lilo a kan baki biyu masu kaifi. Ba ya sauka daga saiti, amma an rarake katako da yawa don a zaunar da shi, kuma amonsa ya fi dogara da ingancin ƙarfensa fiye da itacen da ke kewaye. Kada ka juya ginshiƙansa tsirkiya na ɗaure, za ka dakushe bakin, daga nan ba zai ƙara komawa daidai ba. A baswud, ginshiƙan kan kwanto gaba bayan shekaru. Gyaran shi ne a huda ramin ya faɗaɗa, a toshe da turken mefil da gam, a sake hudawa.

Fender Jazzmaster ta 1958 da jitoci masu tiremolon Bigsby suna da doguwar tsirkiya a bayan jaki da kusurwa kwance. Wannan ragowar tsirkiyar tana amsawa da kanta, jan sauti ya gajarta, amo ya yi wani ƙyalli da masoyanta ke nema. In tsirkiya na tsalle daga sirdi, sa siririn guntun katako mai karkatar rabin digiri zuwa digiri ɗaya a gurbin wuya, ka ɗaga jakin, ka koma tsirkiya mai lamba 11.

Awo kafin saye, da dasawa

Jaki mai tsada da bai dace da ramuka ba ya fi mai araha muni. Auna da ma'aunin milimita daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami. Stratocaster ta gargajiya milimita 56 ce daga sukurun farko zuwa na shida, yawancin na zamani da na Asiya 52.5. Faɗin tsirkiyoyi ma haka, in ka sa mai faɗi a siririn wuya na gefe za su riƙa zamewa daga firet. Ginshiƙan Tune-o-matic wajen milimita 74 ne, amma zaren sukurun Amurka na inci ne, na Asiya na milimita, ba sa shiga juna. Lanƙwasar Tune-o-matic kafaffiya ce a inci 12, don haka a wuya mai inci 9.5, wanda fuskarsa ta fi lanƙwasa, tsirkiyoyin tsakiya za su yi ƙasa sai an gurza gurbin na gefe. Yana kuma da tsayi, yana buƙatar wuya mai karkata da digiri 2 ko fiye, alhali wuyan Fender a miƙe yake.

A sabuwar gangar jiki, auna daga bakin matashi zuwa tsakiyar firet na 12, ka ninka biyu. Sirdin siririyar tsirkiya zai zauna kamar milimita 1.5 bayan wannan layin, na mai kauri milimita 3 zuwa 5. Dasa jakin yadda sirdin zai samu wurin tafiya gaba da baya. Huda ƙaramin rami kafin kowane sukuru, ka goga masa kakin kyandir, musamman a mefil da ash inda sukuru ke karyewa a ciki.

Kada ka manta da wayar da ke haɗa jaki da bayan maɓallin sauti. In ta kuɓuce, jita za ta riƙa gunji kuma taɓa tsirkiya ba zai rage shi ba. Sa mitar gwada lantarki tsakanin tsirkiya da bakin ramin jonawa, ta nuna akwai haɗi.

Sai daidaita tsawo. Saita tsirkiya a sake da na'urar saiti, danne firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi. In sautin ya haura, ja sirdi baya, nesa da wuya. In ya gaza, turo shi gaba. Sassauta tsirkiya kafin kowane motsi, ka sake saiti, ka sake dubawa. Idan tsirkiya ɗaya na yawan tsinkewa a kan sirdi, shafa auduga a gurbin, inda ta maƙale akwai ƙaya, sai a goge da samfefa mai lamba 600 sannan 1000. Ƙananan sukurori biyu na kowane sirdin Fender kuma dole su taka faranti daidai, domin wanda ke lilo shi ne tushen zizar da ake nema a firet a rasa.